Littafin bashin mai tuwo a Agege

Assalamu alaikum. Ni mai sayar da tuwo ce a Agege. A nan aka yanke mini cibiya, a nan na yi sakandare, a nan aka ɗaura mini aure. Kakana fataucin goro ne ya kawo shi daga Kano, zamanin da Agege ke kewaye da gonakin goro, jirgin ƙasa na lodi yana haurawa Arewa. Ya sauka a Zango, bai sake komawa ba sai ziyara. Shi ya sa in wani ya kira mu baƙi ba na ko ɗaga kai, don Yarabancin da ke bakina ya ishe ni in yi ciniki, in yi faɗa, in yi sulhu. Sai dai zama ɗan gari a baki daban, zama ɗan gari a takarda daban, kuma sai da na sha wuya kafin na gane tazarar da ke tsakani.

Sana'ar gadonta na yi a wurin Inna. Tuwon shinkafa da na masara, miyar kuka, taushe, busasshiyar kuɓewa, da rana kuma shinkafa da wake da mai da yaji. Masu zama a bencina 'yan acaɓa ne, 'yan dako, 'yan garuwa, masu wankin takalmi, da yaran mahauta da ke tasowa daga mayankar Oko-Oba. Yawancinsu sun baro iyali a Katsina, Zamfara, Jigawa, Borno ko Nijar, suna kwana a shago, ko barandar masallaci, ko su cunkushe a ɗaki ɗaya. Abin da suka samu yau shi za su ci yau, ragowar su aika gida. In kasuwarsu ta buɗe tawa ta buɗe. In ta rufe, ni ke fara sani, tun kafin 'yan rediyo.

Mu tamu shekarar 2020 ba da korona ta fara ba. Ranar 1 ga Fabrairu aka hana acaɓa da keke a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Apapa da Surulere. Agege ba ta cikin jerin, amma Ikeja ce maƙwabciyarmu, kuma can kuɗin yake: ma'aikatan da suka makara da safe, da masu zuwa kasuwar wayoyi ta Computer Village. Maigidana acaɓa yake yi, babur ɗin ma na bashi ne, yana biya mako-mako. Da aka toshe musu can, sai kowa ya dawo lungunan Agege da Alimosho, babura goma na rububin fasinja ɗaya. Tun a lokacin masu cin malmala uku suka koma biyu.

Ba mu gama jimamin wannan ba, daren 29 ga Maris shugaban ƙasa ya yi jawabi, washegari da ƙarfe 11 na dare aka kulle Legas saboda korona. An ce mako biyu. Aka ƙara biyu, aka ƙara ɗaya, sai 4 ga Mayu aka fara sassautawa. Dokar ta bar masu abinci su yi sana'a, kasuwar kayan abinci ma tana ci daga ƙarfe 10 zuwa 2, yau a buɗe gobe a rufe. To in dafa in sayar wa wa? Ɗan dako ba kaya, ɗan acaɓa ba fasinja, mai wankin takalmi ba wanda ya sa takalmin balle ya yi ƙura. Mutanen da ke hannu baka hannu ƙwarya aka ce su zauna a gida, alhali da yawansu gidan ma babu.

Inna ta bar mini doka ɗaya: ba a korar mai yunwa daga bakin tukunya. Sai na rage sanwa, na ci gaba da dafawa, na ci gaba da rubutawa. Littafin bashina irin na 'yan makaranta ne. Yawancin waɗanda ke ciki ban san cikakken sunansu ba, da alama nake rubuta su: dogon mai ruwa, ɗan Gusau, mai jar hula. Kafin a buɗe gari littafin ya cika na sayi wani. Magidanci da gemunsa zai zo ya tsaya nesa kaɗan, sai kowa ya watse sannan ya matso ya ce, "Hajiya, a taimaka da rabi, Allah zai buɗa." Ban je Makka ba, amma haka suke kirana. Sai in ce, "Zauna, Malam, ai ba yau muka fara ba."

An sanar cewa za a raba kayan abinci ga gidaje 200,000 a zangon farko, a garin da ake cewa mutanensa sun haura miliyan 20. Da rabon ya iso layinmu, ƙofa aka ƙirga. Ƙofa ɗaya, gida ɗaya. Gidanmu kuwa ɗakuna ne jere suna kallon juna, kowane ɗaki da iyalinsa, amma leda ɗaya aka miƙo. Iya, mai gidan da muke haya, ta zauna a tsakar gida da gwangwanin madara ta auna wa kowa shinkafa da wake da gari, ita ta ɗauki na ƙarshe. Mu ke nan masu ƙofa. Masu kwana a barandar masallaci da cikin shaguna ko gwangwanin ba su gani ba. Ba na jin wani ya zauna ya ce a hana su don ƙiyayya. Babu su ne a kowane jeri.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin makonnin ne ɓata-gari suka riƙa shiga unguwanni da dare, Agege da kewaye ba a barci. Maza suka fito gadi, ana ƙona taya a bakin layi har asuba. A wannan gadin ba a tambayi kowa katin komai ba. 'Yan garuwar nan da 'yan dako su ne a gaba da sanduna, tare da 'ya'yan masu gida. Sai ga azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, masallatai a rufe. Wanda bai zauna da 'yan ci-rani ba ba zai san girman wannan ba: kunu da ƙosai da dabinon sadaka da ake rabawa a masallaci shi ne buɗa-bakinsu kowace shekara. Babu taro, babu rabo. Na sayar da firiza, na sayar da 'yan kunnen gwal na lefena. Da Sallah ta zo, jarina gaba ɗaya yana cikin littafi, wasu daga masu bashin kuma sun hau bayan tirelolin da suka sauke shanu sun yi Arewa.

Wanda ya fara ɗaga ni wani dattijo ne mai sayar da hatsi a kasuwar Agege, abokin marigayi mahaifina. Gaisuwa kawai na yi, kunya ta hana ni faɗin abin da ya kai ni. Ya dube ni, ya dubi hannuna babu jaka, ya kira yaronsa.

"Ɗauko mata buhun shinkafa da rabin na masara."

"Baba, ban san ranar da zan iya biya ba."

"'Yata, na tambaye ki rana?"

Daga baya na fahimci shi ma ba kuɗi ya biya ba. Wani dillali ne a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ya ɗoro masa kaya a kan amana, shi ma dillalin akwai manoman da ke jiransa. Tun daga gona har bakin tukunyata babu wanda ya sa hannu a takarda, kowa fuskar na kusa da shi ya sani. Haka abincin Arewa ke saukowa Kurmi tun zamanin kakana. Iya ta ce in bar maganar haya sai na samu, ta ƙara da cewa kada ɗanta ya ji. Matan adashenmu kuma, ba tare da na roƙa ba, suka juya layi, aka ba ni ɗaukar farko da aka dawo zubi. Da ita na sayi manja da gawayi na sake hura wuta.

Ana haka muna jin manyan lambobi a rediyo. A watan Yuni aka amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3, a cikinsa har da kyautar naira 30,000 ga masu sana'ar hannu da masu sufuri. Ba ƙarya ba ne, maƙwabciyata tela ta samu, na ga alat ɗin da idona. Ita tana da asusun banki, tana da BVN, wato lambar tantancewa ta banki, ƙungiyarsu ta teloli tana da jerin sunaye, aka miƙa, kuɗi ya shigo. Ni kuɗina a lalita yake kwana. Maigidana yana cikin masu sufurin da ake magana, amma sunansa ba ya ko'ina sai a littafin mai babur. Tallafin nan kamar ruwan sama ne a gidan haya, mai indararo da duro shi ke tarawa, saura su ji ƙararsa a kan kwano. Farkon 2021 hukumar ƙididdiga ta ce ƙasa ta fita daga karayar tattalin arziki, an samu ƙarin kashi 0.11 cikin ɗari a watanni ukun ƙarshe na 2020, bayan faɗuwar kashi 6.1 tsakanin Afrilu da Yuni. Ban ƙaryata su ba. Amma ko rabin littafina ba a soke ba.

Ba rashin samun ne ya fi ci mini rai ba. Tun Inna na da rai, kullum ta Allah ana yanka mana tikiti a rumfar nan: na shara, na wuri, na wannan, na wancan. Ɗan acaɓa ma kafin ya ɗauki fasinjan farko ya sayi tikitin ranar. Ke nan wurin karɓa an san inda muke, ba a taɓa ɓatan hanya ba. Wurin bayarwa ne ake cewa mu kawo shaidar muna nan. Na daɗe ina juya wannan a raina, har na ga fushi ba zai ɗora mini sanwa ba. Na ce to, bari mu nemo shaidar.

Dama a watan Disamba na 2020 an ce duk layin wayar da ba a haɗa da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ba za a rufe shi, dole ta sa muka bi layi. Babbar 'yata, tana sakandare a lokacin, ita ta riƙa cike mana takardu. Maganar banki ce ta jawo gardama a gida. Maigida ya ce ba zai kai guminsa inda ake cin kuɗin ruwa ba. Sai da limamin unguwarmu ya yi masa bayanin bankunan da ba sa wannan harkar, irin su Jaiz da ya fara aiki tun 2012, sannan ya sauko. Muka yi katin mazauna Legas. Daga nan na bi matan da ke dafa abinci a yankinmu ɗaya bayan ɗaya, masu tuwo, masu waina, masu amala, kan mu mayar da adashenmu ƙungiyar gama-kai mai rajista. Tsofaffin cikinmu suka ƙi. Wata gwaggo ta ce, "Ke yarinya, ranar da hukuma ta san sunanki, ranar ta san aljihunki." Na ce, "Gwaggo, aljihun ai an daɗe da saninsa, sunan ne ba a sani ba." Aka yi dariya, amma ba ta shiga ba sai can baya. Kuma ban ce tsoronta ba shi da tushe ba.

Mun fara numfasawa ke nan sai ga 2022. Bayan kisan wani matashi a Lekki a watan Mayu, wanda aka ɗora wa 'yan acaɓa, aka tsananta dokar hana acaɓa daga 1 ga Yuni, a watan Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Iyakar Agege da Ikeja ba a shata ta da fenti a kan kwalta ba. Wata safiya aka tare maigidana aka ɗauke babur, saura kaɗan ya gama biya. A talabijin muka ga ana niƙe babura fiye da 2,000. Ba zan ce masu kuka da acaɓa ba su da hujja ba. Na ga karyayyun ƙafafu, na san an yi ƙwace a kan babur, kuma wanda aka kashe a Lekki rai ne. Abin da ban gani ba shi ne sana'ar da aka tanadar wa waɗanda aka raba da wannan. Da yawansu rikici ne ya koro su daga Borno da Zamfara, gonar da za su koma ba ta shiguwa. Gaba kura, baya sayaki. Wasu suka tsallaka Ogun, wasu suka shiga jari-bola, wasu ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Maigida ya zauna. Duk macen da ta taɓa ganin mijinta da hantsi, ya yi wanka ya sa kaya ba inda za shi, ta san abin da nake nufi. Magana ta ragu, abinci ma sai na matsa. Ban iya ce masa ya zo ya taya ni a rumfa ba, shi ma ba zai iya ba. Ƙungiyar ce ta kawo mafita ba tare da an shirya ba. Da can kowaccenmu kashi-kashi take sayen kayan miya a hannun 'yan sari. Muka ce me zai hana mu haɗa kuɗi a sayo kwando-kwando daga kasuwar Mile 12, inda tirelolin tumatir da tattasai da attaruhu da albasa ke sauka daga Kano, Kaduna, Jigawa da Sakkwato? Sai dai ana buƙatar mai sammako, mai jin Hausar dillalai, wanda ba a ruɗarsa da kwandon da aka jera masu kyau a sama. Matan da kansu suka zo har gida suka ce, "Malam, kai muke so ka riƙe mana wannan." Ba ni na roƙa masa ba, kuma wannan ya fi masa ladan daɗi. Tun kafin asuba yake fita, ya yi sallah a can, ya dawo da kaya a motar haya, a raba a ƙofar gidanmu, a ba shi la'adarsa a kan kowane kwando.

Sai canjin kuɗi. Ranar 26 ga Oktoba 2022 aka sanar za a sauya takardun 200 da 500 da 1,000. Sababbi suka fito 15 ga Disamba, aka ce tsofaffi su daina aiki ƙarshen Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffi sun shige banki, sababbi ba su wadata ba. Mutum da kuɗinsa sai ya sayi kuɗinsa, masu POS na cire 1,000 har 2,000 a kan kowace 10,000, in ma an samu. A karo na farko a rayuwata na tsinci kaina cikin waɗanda takarda ta cece su. Na rubuta lambar asusuna a kwali na rataye. Sai ga fuskokin da ban taɓa gani ba, samarin Yarabawa, yaran shaguna, har masu kwat, suna cin tuwo da miyar kuka don ni ce mai karɓar taransifa a layin. Sabis yakan ɗauke, mutum ya ce an cire masa, ni ban ga komai ba. In ce ya tafi. Yawancinsu kuɗin ya shigo daga baya. Kaɗan kuma har yau ina jiran alat ɗinsu.

Mutanena na asali kuwa sun shiga uku. Ɗan garuwa ya kai ruwa, matar gida ta ce ba tsaba sai taransifa, shi ko wayarsa ƙarama ce mai tocila, asusu babu. Ɗaya ya fara zuwa: "Hajiya, in ba su lambarki?" Kafin mako ya zagayo lambar ta bazu. Na juya littafin bashi ta baya na fara rubuta ajiya. Wanda ya ci abinci in cire, wanda zai aika gida mu tura wa mai shago na garinsu, iyali su je su ɗauki hatsi da sabulu. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, don gumin mutane ne a cikin wayar da za a iya fizgewa a cikin motar danfo.

Akwai wani dattijon ɗan garuwa da ya daɗe yana tara kuɗi a gwangwani zai aurar da 'yarsa. Bai faɗa wa kowa ba, ni ma sai da aikin gama ya gama na ji. Da wa'adi ya matso tsoro ya kama shi, wani mai asusu ya karɓi tsofaffin kuɗin ya ba shi sababbi, ya zaftare kaso mai tsoka. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Da na faɗa masa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Haka Allah ya so." Bayan Sallah ya sayar da kurarsa ya tafi gida.

A Mile 12 kuma tumatir ya yi ta ruɓewa, don manomi da direba tsaba suke so, mai saye ba shi da ita. Farashi ya faɗi warwas. Ni da ke ƙarshen layi na sayi kaya da arha, na yi ciniki, a watannin ne na ƙarasa biyan Baba mai hatsi, na cika wa Iya tsohon bashin haya. Ina sane cewa arhar da na ci asarar wani manomi ce a Kura ko Kadawa.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye 185 ta koma 488 a Legas cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dala da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500. Kusan duk abin da ke cikin tukunyata mota ce ke ɗauko shi daga nisan kilomita wajen 1,000, kowane buhu da nasa kason kuɗin hanya. Buhun shinkafar da bai kai 30,000 ba a 2020 ya haura 80,000. A tsakiyar 2024 aka ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Ni ga yadda na ji ta: "Hajiya, ba nama." Daga baya, "Hajiya, miya kawai ki ƙara." Masu ci sau biyu suka koma sau ɗaya, suna jinkirtawa sai bayan la'asar don ya riƙe su har gobe. Na sa ganda da awara a miya, na rage girman malmala, suna gani ina gani, ba wanda ya ce uffan.

A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa 70,000, Legas ta ce 85,000, amma a bencina babu mai albashi, kuma hukumar ƙididdiga da kanta ta ce fiye da kashi 90 na masu aiki a ƙasar nan irin aikinmu suke yi, wanda ba ofis ba takardar ɗauka. An ce tattalin arziki ya ƙaru da kashi 3.4 a 2024. Ina ganin alamarsa, ni ba makauniya ba ce. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage cunkoson da muka girma a cikinsa. Jirgin Red Line yana tsayawa a Agege, da shi 'yata ke zuwa makaranta a Yaba, tafiyar da a da ke cin rabin safiya. Amma cunkoson nan shi ke ciyar da yaran da ke tallan ruwa da burodi tsakanin motoci, kuma gefen layin dogon da aka share, can ƙawata ta tsufa tana baje gwanjo. Ba na cewa kada a yi gada ko jirgi. Lokacin da ake zane an lissafa siminti da rodi, ita ce dai ba a lissafa da ita ba. Yanzu a kai take yawo da kayan.

Ni Allah ya rufa mini asiri ta hanyar da ban zata ba. Cinikin da ya riƙa shigowa ta waya tun canjin kuɗi shi ya zama shaida. Shekara da shekaru ina tuƙa tuwo babu mai iya cewa ga abin da nake samu, sai ga shi an buga a takarda, shiga da fita, wata-wata. Da ita da rajistar ƙungiya muka je bankin da ba ya karɓar kuɗin ruwa. Ba kuɗi suka ba ni ba. Su suka sayi firiza da manyan tukwane, suka sayar mini da ribar da muka amince tun farko, ina biya kaɗan-kaɗan, ƙungiya ta tsaya mini. Yanzu ina da masu taya ni aiki, ciki har da wata baiwar Allah daga Gwoza da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da kuma jikar Iya. Sharaɗina da kowacce kafin ta fara wanke kwano shi ne a je a yi NIN a buɗe asusu. 'Yan garuwa da 'yan dako ma mun raka da dama, sai dai kullum a wuri ɗaya ake cijewa: adireshi. Mutumin da ke kwana a shagon wani, wane gida zai rubuta? Wasu liman ya yarda su sa na masallaci, wasu na gidanmu, har Iya ta fara tambayata wai mutum nawa ne ke zaune a ɗakina.

Wanda ke damuna yanzu Baba mai hatsi ne. Ba gobara ba sata, amma kuɗin da ke cika masa shago har rufi a 2020 yanzu ko rabi ba sa kaiwa. Dillalin Dawanau da ke ɗoro masa kaya a kan amana ya ce shi ma manoma sun daina jira, sai an tura kuɗi mota ke tashi. Baba ba shi da asusu, na ɗansa yake ara, cinikinsa na tsawon rayuwa duk a kansa yake. Watan jiya na kai masa kuɗin buhunana tun kafin kaya su iso. Ya ture hannuna.

"'Yata, yau ni zan ci bashinki?"

"Baba, ba bashi ba ne, kafin-alƙalami ne, kada wani ya riga ni."

Ya karɓa yana gunaguni. Na kai maganarsa taron ƙungiya, kan mu shigar da shi, mu riƙa haɗa kuɗin hatsinmu muna ba shi kafin lokaci, shi kuma ya sauko mana da farashi. Masu waina sun yarda nan take, don a wurinsa suke sayen shinkafa. Masu amala suka ce su garin doya suke saye, me ya haɗa su da masara, kuma tsarin da muka yi rajista da shi ya ce ƙungiyar ta mata masu dafa abinci ce. Gwaggon nan da ta ƙi shiga da farko ita ce yanzu ta fi kowa riƙe tsarin, ta ce ba a taɓa ko harafi sai an kira kowa da kowa. An ɗage maganar zuwa taron bayan Sallah. Ni kuma an ɗora mini in shawo kan Baba ya yarda a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, abin da ya ƙi yi ko lokacin rajistar zaɓe.